Kafin Ki Sayi Rauta, Uwani

Lamorde, Mubi.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah ya kai ki Kaduna lafiya, ya tsare motarku da direbanku, ya sa ki sami Goggonki da mutanen gidanta cikin alheri. Na cusa wannan takarda a aljihun jakarki, na ce kada ki buɗe sai kun wuce Hong, don na san idan kika karanta a gabana dariya ba za ta bar ki ki kai ƙarshe ba.

Shekaranjiya muna cin tuwo kika ce kin yi niyyar zana jarrabawar satifiket ɗin haɗa kwamfutoci, irin wadda na zana, kika tambaye ni wace irin rauta, wato na'urar da ke isar da saƙo tsakanin kwamfutoci, za ki saya ki kafa ɗan wurin gwaji a ɗakinki. Kin ga na yi tari na nemi ruwa. Ba tuwon ne ya shaƙe ni ba. Mamanki ce ke zaune a wurin, kuma duk amsar da zan ba ki tana da labarin da za ta ɗora a kai. Gara ki ji su daga wurina, tunda ni na yi su.

Kin san da gyaran rediyo na fara, kafin ni da Zira, abokina ɗan Michika da kike kira Kawu, mu buɗe shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ina da shekara arba'in da 'yan kai aka kawo wani injiniya daga Yola ya haɗa kwamfutocin wata makaranta, aka ɗauke ni in taimaka masa. Taimakon kuwa riƙe tsani ne. Ina riƙe da tsani ina kallonsa ya zauna gaban wani baƙin allo, ya buga 'yan layuka, sai ga kwamfutar wannan aji tana magana da ta wancan. Na dawo gida na ce wa Mamanki ni ma sai na koyi wannan aiki. Ta ce Allah ya taimaka, amma muryarta irin wadda take yi wa mai tallar magani ce.

Na sami littafin jarrabawar, na karanta shafin farko inda aka ce ɗalibi ya nemi rauta uku, na rufe shi na hau mota sai Yola. Na shiga shago na ce a ba ni rauta uku. Mai shagon bai tambaye ni komai ba, ya ɗauko mini wasu farare masu sheƙi, kowace da ƙaho biyu da fitilu kore. Na kawo su gida na jera a kan tebur, har na ari ƙyallen Mamanki na saƙa na lulluɓe su. Sai da na koma ga littafin na ga an ce a sa wayar konsol a ramin konsol, wato wayar da ake haɗa rauta da kwamfuta a buga mata umarni kai tsaye. Na juya su gaba da baya, na kife su, na haska da tocila. Babu ramin. Kwana huɗu ina nema, har na fara tunanin ko masu ƙera su sun manta ne, in huda da kaina. Da Zira ya zo ya gani, ya daɗe yana shafa gemu kafin ya ce, "Malam, wannan na gida ne, na kallon ƙwallo a waya. Na jarrabawa ba shi da ƙaho."

Don haka abu na farko, ki karanta jerin abin da jarrabawar za ta tambaya tun daga sama har ƙasa kafin ki taka ƙafa kasuwa. Suna ɗaya ne, amma rautar da ke raba intanet a falo daban, wadda ake koyon aiki da ita daban. Taki ita ce wadda za ki buga mata umarni da yatsunki ta amsa miki a baƙin allo. Yawanci ba ta da kyau, launin toka ce ko baƙa, kamar tiren burodi. Idan kika ga mai shago yana yaba miki kyanta, ki tambaye shi ramin konsol.

Bayan wannan kunya sai na ce ba za a ƙara yi mini dariya da ƙananan kaya ba. Na ji labarin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya kwaso kayan wani kamfani da ya canza na'urori, na je na ce ya nuna mini wadda ta fi kowace girma. Uwani, sai da ƙarti biyu suka ɗora ta a amalanke. Da muka shigo unguwa mutane suka tsaya kallo, ni kuwa ina tafe a baya ina amsa gaisuwa kamar wanda ya sayo saniya. Da na kunna ta, fankokin cikinta suka tashi da wani ruri da ya kori kajin gidan nan zuwa maƙwabta. Ba a yi rabin sa'a ba Maman Talatu, maƙwabciyarmu 'yar Gude, ta yi sallama da kwaryar dawa a kai, tana murna an kawo injin niƙa kusa. Mamanki ba ta ƙaryata ba. Cewa ta yi ta ajiye a nan, idan Malam ya gama karatu zai niƙa.

Da aka ɗauke wuta na tayar da ƙaramin janaretanmu, ya yi tari biyu ya mutu, bai ƙara tashi ba sai da ya kwana uku wurin mai gyara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne manhajar cikinta ta tsufa ƙwarai, rabin umarnin da ke littafina ba ta taɓa jin su ba. In buga, ta ce ba ta gane ba. In sake bugawa a hankali, kamar mai magana da kurma, ta sake cewa ba ta gane ba. Ko a shekarar gudu, wadda muka tsere daga Mubi, da muka dawo muka tarar an kwashe gidan nan har da ƙyauren banɗaki, ita tana nan inda na bar ta. Ɓarayi ma sun gwada ɗagawa sun haƙura. Ita ce wannan da Mamanki ke ɗora randa a kai, idan ba ki taɓa tambaya ba.

To, kada girma ya ruɗe ki. Ƙananan rauta uku da siwic biyu, wato akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a ciki, irin waɗanda su ma ake ba su umarni, sun ishe ki. Uku ɗin don ki jera su kamar murhu, ki cire waya ɗaya, ki ga yadda saƙo ke neman wata hanya ya bi. Idan biyu kika samu ki fara da su. Ki tambayi wace manhaja ce a ciki, ki gwada da abin da littafinki ya ce, ki duba ko ƙwaƙwalwarta za ta ɗauki sabuwa. Sannan ki saurari ƙararta da kunnenki. Gidan Goggonki za ki zauna, kuma mijinta mutum ne mai son barcin rana.

A karo na uku na yi daidai a zaɓi, na yi kuskure a saye. Wani ɗan kasuwa ya zo da ƙanana na hannu daga Legas, irin waɗanda ake so ɗin. Ya ce mini duk lafiyarsu lau, ya rantse, ni kuma na ji kunyar in ce a kunna a gabana, kada ya ga kamar na ƙaryata shi. Na kwaso huɗu. Ɗaya ko fitila ba ta kawo ba. Ɗaya ramukan bayanta an cire katin da ake haɗa ta da 'yar'uwarta, an toshe da farantin ƙarfe. Sauran biyun suka tashi lafiya, amma suka tsaya suna tambayata kalmar sirri ta mai su na farko, wani bawan Allah a wata ƙasa da ban sani ba.

Mako guda muna wannan cacar. Na gwada lambobi daga ɗaya zuwa tara, na gwada daga tara zuwa ɗaya. Zira ya kawo sunayen ƙungiyoyin ƙwallo duk da ya sani, har da waɗanda suka rushe. Ranar Juma'a Mamanki ta kawo mana kunu ta tsaya tana kallo, sai bakina ya ja ni na ce ai da mun san sunan matar mutumin da mun huta, don yawancin maza sunan matansu suke sawa. Ta ajiye kwanon a hankali ta ce, "Kai sunan wa ka sa a taka kwamfutar?" Zira ya tuna yana da aiki a shago. Kilishi na sa, Uwani. Har yau idan na sayo shi sai ta ce in gaishe da uwargida.

Daga baya na gano a can ƙarshen littafin akwai shafi biyu da ke koya yadda ake katse rauta tana cikin tashi, a sa ta tsallake tsohuwar kalmar, a sa mata sabuwa. Aikin minti goma ne, kuma yana cikin abin da ya kamata ɗalibi ya iya. Saboda haka ki riƙa leƙa ƙarshen littafi. Kuma idan kin je saye ki tafi da laftof ɗinki da wayar konsol ɗinki, da ɗan abin da ke haɗa ta da laftof, don na yanzu ba su da tsohon ramin. Ki ce a kunna a gabanki. Ki jira ta gama tashi, ki sa waya a kowane rami ki ga ya kawo haske, ki ƙirga katunan bayanta. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya fara rantsuwa tun ba ki tambaye shi ba, ki yi masa godiya ki wuce shago na gaba.

Akwai wata Asabar da ba na mantawa, bayan na samu an gyara mini ta uku. Tun bayan karin kumallo na zauna, ban tashi ba sai don salla. Wajen la'asar na tura saƙon gwaji daga rauta ta farko, ya ratsa ta biyu, ya isa ta uku, ya dawo. Na fito tsakar gida ba takalmi ina kiran Mamanki ta zo ta ga abin da mijinta ya yi. Tana ɗauraye hannu aka ɗauke wuta. Da wutar ta dawo na tarar duk ukun sun manta ni, kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Ashe abin da ka buga yana zaune ne a wurin wucin gadi, sai ka ba da umarnin ajiyewa yake shiga inda ba ya gogewa. Mamanki ta dubi allon da babu komai ta ce lalle aiki ya yi kyau. Ki riƙa ajiyewa bayan kowane 'yan layuka, ki sa sitabilaiza tsakaninsu da bango, ki kuma kwafe abin da ya yi aiki a littafin rubutu. Ko da yake, in faɗi gaskiya, maimaitawar da wutar Mubi ta tilasta mini ita ta sa umarnin suka zauna a yatsuna.

Yanzu ga wanda ba ki taɓa ji ba, don Zira kaɗai na gaya wa, na kuma roƙe shi kada ya faɗa. A lokacin da aka yanke layukan waya a jihar nan saboda tashin hankali, na je Yola na samo katunan da suka ɓata da wasu wayoyi, na haɗa da rauta ɗaya da na kai gyara. Don kada su karce na naɗe su a tsumma na zuba a buhun masara, bakin wayoyin na leƙowa. A wani shingen sojoji aka ce kowa ya sauka da kayansa. Sojan ya nuna buhuna da baki ya ce mene ne a ciki. Maimakon in ce kayan karatu ne, sai malantar ta motsa, na ba shi amsar littafi. Na ce na'ura ce da ke karɓar saƙo a ɓoye cikin waya, ta zaɓi hanya, ta isar da shi inda aka nufa ko da an toshe wata hanyar.

Ban taɓa ganin fasinjoji sun watse da sauri haka ba. Wata tsohuwa da muka raba gyaɗa da ita a mota ta ce ita dama tun daga tasha ba ta yarda da idona ba. Aka zaunar da ni a rana, hannu a ka, buhun can nesa. Ban ga laifinsu ba, lokacin kowa a tsorace yake, kuma ni ma da na ga wannan buhu a hannun wani da na gudu. A zaunen nan na tuna babu waya da zan kira gida, babu wanda ya san inda nake. Can sai ga wani babbansu, matashi, ya buɗe buhun da kansa, ya ɗaga rautar ya duba bayanta. Ashe ya taɓa yin karatun. Ya ce idan da gaske ɗalibi ne ni, in gaya masa kwamfuta nawa za su shiga idan aka raba layi kaza gida huɗu. Na ƙirga da yatsu, na ba shi amsa da ƙarfin zuciya. Ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce wa yaransa, "Ku sake shi. Wannan ko an ba shi abu ba zai iya tayar da shi ba." Ya ce in koma babi na lissafi in sake karantawa.

Hanyarki akwai shingaye har yanzu. Idan za ki ɗauki irin waɗannan kaya ki sa su a kwali, rasit a sama, littafin jarrabawa kusa, katin shaidarki a hannu. Idan an tambaye ki, ki ce kayan karatun kwamfuta ne, ki yi shiru. Kuma ki riƙe babin lissafin nan da kyau, shi ya kayar da ni a zaman farko.

Saura na ƙarshe. Wannan kina wurin, amma ba mu taɓa zancensa ba.

Safiyar da aka shigo Mubi, da harbi ya matso, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Mamanki ta ɗauki takardunku da ƙullin gari ta tasa ƙannenki gaba. Ke kika kama hannun Inna, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Ni na shiga ɗaki na fito da rauta biyu ɗaure cikin zani a kaina. Na gaya wa kaina wai su ne abincinmu na gobe. Muka bi ayarin mutane ta gonaki muka nufi duwatsu, a hanya muka haɗu da Zira da iyalinsa.

Bayan azahar muka iso wani mayo, wato rafi, ruwa har gwiwa. Ni ina gaba, hannu biyu a kan kayana, hankalina duk yana kan kada santsi ya kwashe ni su jiƙe. Ban san Inna ta zauna a bakin ruwan ta ce ku tafi ku bar ta ba. Sai da na haye na waiwaya. Na ga Zira, da gwiwarsa mai ciwo, ya goyo ta yana ratso ruwa. Na gan ki a bayansa da jakarsa da taki, takalminki ɗaya ya tafi, ƙafarki na jini. Da ya iso kusa da ni yana haki ya ce, "Mama ya gaji. Kai riƙe kayanka, kar ya jiƙe." Ba gatse ya yi ba, da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma wannan ya fi zagi zafi. Kallona kawai kika yi, kika dubi ƙullin da ke kaina, kika sunkuyar da kai.

Na sauke su a gindin wata tsamiya, na kwance zanin na ba ki ki ɗaure ƙafa, na karɓi Inna. Mun yi nisa tana bayana kafin ta tambaye ni a kunne me na ajiye a can. Na ce karatu ne, Inna. Ta ce, "Ni da karatun wa ya fi nauyi?" Na ce ita. Ta ce to madalla, ashe har yanzu tana da sauran ƙiba. Na yi dariya, hawaye na zuba, ban iya sharewa ba don hannuwana na riƙe da ita.

Watannin da muka yi a Yola a gidan ɗan'uwan Mamanki ba ni da ko waya ɗaya ta gwaji. Wani malami da muke salla tare ya ara mini tsohuwar laftof mai manhajar kwaikwayo, wadda za ki zana rauta goma a allo ki haɗa su ki ba su umarni kamar na gaske. Da ita na yi karatun da ban yi ba a shekarun da nake tara ƙarafa. Na zauna jarrabawa na faɗi, na sake zama na ci. Don haka ki fara da wannan manhaja tun daga makon farko. Idan yatsunki sun saba, sai ki sayi na ƙarfen kaɗan, don ki san yadda waya ke shiga rami da yadda abu ke ƙin aiki ba dalili, wanda allo ba zai koya miki ba. Amma ki sayi iya abin da, in ta kama, za ki ajiye shi a gindin bishiya ki wuce ba waiwaye.

Shekara uku ke nan ina neman bakin da zan yi miki maganar wannan kallo na bakin mayo. Kina da gaskiya a ranar. Ki yafe wa babanki.

Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya buɗa miki karatu, ya haɗa ki da abokan zama irin Kawunki Zira. Ki riƙe salla, ki ji maganar Goggonki. Inna ta ce in gaya miki ta sa miki albarka, kuma ki ci abinci. Kina sauka ki kira Mamanki, don ta ce ba za ta ɗora tukunya ba sai ta ji muryarki, mu kuwa a nan muna jin yunwa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sa'idu